Kwamfutar da Ba Ta Katse wa Malam Barau Magana

An haifi Jummai a Basirka, a shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano. Sunanta na yanka Hapsatu, amma da yake ranar Juma'a ta zo duniya, Jummai ɗin ne ya bi ta har girma. Mahaifinta, Malam Barau, mai gyaran rediyo ne. Yana da 'yar rumfa a bakin kasuwa, kuma duk rediyon da ya gagari masu gyara tun daga Gwaram har Fagam, wurinsa ake kawowa. An san shi da abu guda: ba ya fara kwance rediyo sai ya kunna, ya kara a kunne, ya rufe ido. Daga nan zai ce ga inda ciwon yake, kuma da wuya a buɗe a tarar ba haka ba.

Bayan gyara, Malam Barau yana da wata ɗabi'a da mutanen gari ke yi wa kallon ɓata lokaci. Da damina ta kankama, sai ya ɗaura rikoda a bayan keke, ya bi gonaki. Duk inda ya ji ana gayya a Kwandiko ko Fagam, yana can. Ya ɗauki kiɗan noma, ya ɗauki kirarin samari a bakin kunya, ya ɗauki waƙar mata a wurin daɓe da wurin sussuka. Ya fi shekara ashirin yana wannan, har kaset-kaset suka cika adakar ƙarfe guda. Bai taɓa rubuta komai a jikinsu ba. Idan aka yi masa magana sai ya ce, rubutun me? Ai ya san muryar kowa.

A rumfar nan Jummai ta koyi riƙe sukundireba da liƙi da dalma. Ta gama sakandare, ta auri Malam Abdulsalami, wani malamin firamare a Birnin Kudu, ta samu aikin buga takardu a shagon Oga Simon da ke kusa da tasha. Simon mutumin Filato ne da ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Yana buga takardu, yana sayar da kayan kwamfuta da yake sarowa daga Kano. Mutumin kirki ne, sai dai ya yarda cewa a duk Birnin Kudu ba wanda ya san cikin kwamfuta sai shi.

Ana nan, idon Malam Barau ya fara mutuwa. Aka je asibiti, aka yi na gida, ido dai ya tafi. Aka rufe rumfa, tsoho ya koma zaure da carbinsa. Wata ziyara da Jummai ta kai gida bayan damina, ta buɗe adakar nan don ta sa masa abin da zai ɗebe masa kewa. Kaset na farko da ta sa, zaren ya manne, rikoda ta tauna shi. Na biyu ya yi fumfuna. Na uku ya tashi, muryar wani mutum ta cika zauren, gangar noma na binta.

“Wannan na Kwandiko ne,” in ji tsohon, ya miƙe zaune. “Gonar bakin rafi. Shekarar da fari ya ci gero. Mai waƙar ya rasu, Allah ya jiƙansa.”

Jummai ta dubi adakar, ta dubi mahaifinta. Kaset suna ruɓewa, wanda ya san abin da ke cikinsu kuma ya haura saba'in.

Yayanta Muslim, wanda ke sayar da taki a Gwaram, yana da tasa dabarar. Ya ce ya san wani mutum a Kano da zai kwashe adakar gaba ɗaya, ya juye abin da zai juyu, ya turo musu.

“Idan ya juye, wa zai gaya masa wanda ke waƙa?” in ji Jummai.

“To, ya juye dai. Ya fi su ruɓe a nan.”

“Yaya, wannan adakar ba za ta bar Basirka ba. A nan aka ɗauke su, a nan za a juye su, Baba yana zaune yana faɗin sunan kowa.”

“Wa zai juye? Ke?”

“Ni.”

Muslim ya yi dariya, ya ce ai buga takarda daban, wannan aiki daban. Malam Barau ya laluba ya jawo adakar kusa da ƙafarsa, ya ɗora hannu a kai. Maganar ta mutu a nan.

Ta fara gwadawa da wayarta. Ta kara ta a bakin rikoda, abin da ya fito rabi waƙa ne, rabi kukan awakin maƙwabta. Ta roƙi Oga Simon ya ara mata tsohuwar kwamfutar shago na kwana biyu, ta ɗora ta a mota har Basirka. Wannan kuwa da an kunna ta sai ta kama gurnani kamar injin markaɗe. Waƙoƙin sun juyu ta waya, amma da aka zo ɗaukar bayanin tsohon, muryarsa da ta riga ta yi rauni sai ta nutse a cikin ƙugin fankar kwamfutar. Kafin azahar kuma ta shanye batirin sola na gidan tas.

“Kashe ta,” in ji Malam Barau. “Ina magana tana magana. Ba ta da tarbiyya.”

A hanyar komawa Birnin Kudu, da kwamfutar aro a cinyarta, Jummai ta yanke shawarar za ta haɗa tata. Tana da kuɗin riɗin da ta noma a gonar da mahaifiyarta ta bar mata. Ba su da yawa, kuma a kansu za ta tsaya. Ta yi wata guda tana karatu a waya duk lokacin da shago ya yi sauƙi, tana kallon yadda ake haɗawa, tana rubutu a bayan takardun da suka lalace. Malam Abdulsalami ya ce shi bai san komai a kai ba, amma ya ɗauke mata kai yara makaranta don ta samu sarari.

Ranar da ta miƙa wa Oga Simon jerin kayan da take so ya saro mata, sai da ya gyara tabarau sau biyu.

“Wa ya rubuta miki wannan?”

“Ni na rubuta, Oga.”

“Jummai, ki sayi laftof na hannu ki huta. Ga su nan uku a kanta.”

“Na taɓa saya a wurinka. Da ta mutu na buɗe ta, komai a liƙe yake, ba abin da mutum zai cire ya sauya. Ina son wadda idan ta yi ciwo zan buɗe da hannuna in san inda ke mata.”

Simon ya bi jerin da yatsa. Ya ce ta manta katin hoto. Ya jawo wani daga kwali, mai fanka biyu, ya ce duk samarin da ke haɗa kwamfuta da shi suke farawa.

“Samarin wasa suke yi da ita. Ni murya zan ɗauka, murya kuwa ba ta da hoto. Furosesan da na rubuta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, yana da nasa ɗan hoton a ciki, ya ishe ni. Wannan naka wuta zai sha, zafi zai yi, fankokinsa su dame ni.”

“To, ma'ajiyar aiki fa, had-dis? Ga babba mai arha, zai ɗauke kaset ɗinki duka har da na maƙwabta.”

“Yana juyawa?”

“Ai dole ya juya.”

“Duk abin da ke juyawa yana da baki. Ka kawo mini ma'ajiyar nan da ba ta motsi, ko ƙarama ce. Wannan babban zan saya daga baya, in riƙa kwashe aiki a ciki bayan Baba ya gama magana.”

Suka zo kan fanka. Simon ya ce furosesa yana zuwa da 'yar fankarsa kyauta, sayen wata asara ce. Jummai ta ce ƙaramar fanka sai ta yi gudu kafin ta sanyaya, gudun nan shi ne ihun. Tana son babba mai faɗin tafin hannu, wadda za ta riƙa juyawa a hankali a kan ƙarfe mai yawan haƙarƙari. Akwati kuwa, ya nuna mata wani mai gilashi da fitilu masu sauya launi. Ta wuce shi, ta nuna wani tsohon baƙin akwati mai kaurin ƙarfe da ke ƙarƙashin tebur, wanda Simon ke ɗora ƙafa a kai.

“Wannan? Ai bola ne.”

“To ka ba ni bolar. Wanda zan yi wa aikin ba ya ganin fitila.”

Allon da ake dasa komai a kai, wanda suke kira madabod, ta yarda da na hannu. Furosesa na hannu, ram, mai riƙe aikin da ake cikin yi, shi ma na hannu. Abu ɗaya ta ce sai sabo fil a kwalinsa, shi ne fawa, ɗan akwatin da ke raba wa sauran kayan wuta, domin idan ya yi gardama zai iya ƙone komai.

Simon ya ninke takardar, ya ce, “Zan kawo. Amma idan kaya sun zo ki bar mini in haɗa miki. Ba na so ki ƙone kuɗinki.”

“Na gode, Oga. Kawowa kaɗai na roƙa.”

Bayan mako biyu kaya suka iso. Ranar Asabar ta naɗe su a cikin zannuwa, ta shiga motar Gwaram, daga can ta hau babur zuwa Basirka, ta rungume akwatin, tana yi wa ɗan acaɓa faɗa a kan kowane rami. Da hantsi ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta jera komai. Malam Barau ya ce a ba shi ya gani, wato ya taɓa. Ta sa ya taɓa ƙarfen ƙofa tukuna don kada 'yar wutar jikinsa ta lalata kayan, sannan ta ɗora masa madabod a tafin hannu, ta gefe. Ya bi shi da yatsa a hankali, ya tsaya a kan wasu 'yan gwangwanaye.

“Kafasita,” ya ce. “Ashe har yanzu suna nan.”

“Suna nan, Baba.”

“To ai rediyo ce. Girman kai kawai ta ƙara.”

Ta dasa furosesa a hankali, domin ta san idan ɗaya daga cikin siraran ƙafafunsa ta lanƙwashe shi ke nan. Ta ɗiga man sanyaya kamar ƙwayar dawa, ta ɗaura ƙarfen da babbar fankarsa. Ram ya ƙi shiga, ta juya shi, ya shiga da ɗan ƙas. Wayoyin maɓallin kunnawa suka ba ta wahala, sai da ta warware sau uku. La'asar ta yi kafin ta ɗaure sukurun ƙarshe. Ta yi bisimilla ta danna.

Allon kallo ya kawo haske. Fanka tana juyawa, amma sai mutum ya sa ido zai san tana yi. Jummai ta kasa kunne, ba ta ji komai ba. Ta buɗe baki za ta yi hamdala, sai tsohon ya ɗaga hannu.

“Akwai sauro a cikinta.”

“Baba, ba na jin komai.”

“Ke ba kya ji. Yana nan, ta baya, ta sama. Wani siririn kuka. Abin da ke raba wuta ne, ba shi da lafiya.”

Ta kara kunnenta a jikin fawa har ƙarfen ya taɓa kumatunta. Can ƙasa-ƙasa, kamar ana jan zare, ta ji shi. Ta gwada ɗaukar muryar tsohon, ta saurara da abin kunne, ga kukan nan kwance a ƙarƙashin kowace kalma. Abu ɗaya da ta dage sai sabo, shi ne ya ci amanarta.

Ranar Litinin ta ajiye fawa a kan teburin Oga Simon. Ya haɗa shi da wata kwamfuta, ya kunna, ta tashi lafiya lau. A lokacin janareta na ruri a bayan shago, injin hoto na aiki, masu jiran takardu na hira.

“Ina kukan?” in ji shi. “Jummai, sabo ne a kwalinsa. Kin haɗa wani abu ba daidai ba, shi ya sa na ce ki bar mini. Baba kuma, ki yi haƙuri, tsufa ne. Kunnen tsoho yakan yi ƙara da kansa.”

Jummai ba mai ɗaga murya ba ce, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta ce, “Oga, ka faɗi abin da kake so a kan haɗina. Amma kunnen nan da kake magana, shekara arba'in yana ciyar da gidanmu. Ka buɗe fawan nan.”

“Idan na buɗe, dilan Kano ba zai karɓa ba.”

“Idan ka buɗe ba ka ga komai ba, na yafe shi, in kuma ba ka haƙuri a gaban mutanen nan. Ba ni sukundireba idan kai ba za ka buɗe ba.”

Masu jira suka matso. Simon ya zare wayar wuta, ya jira ɗan lokaci don wutar ciki ta sauka, ya kwance sukurori huɗu, ya ɗaga murfin. Ƙura ce ta fara gaishe shi, irin wadda ba ta taruwa a wata ɗaya ko biyu. Kafasita biyu sun kumbura, kawunansu sun tashi, ɗaya har ya yi tsatsa. Tsohon fawa ne aka goge bayansa, aka sa a sabon kwali.

Simon ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau, ya ce, “Sun cuce ni, ni kuma na cuce ki ban sani ba.” Ya dubi Jummai. “Daga zaure Baba ya ji wannan?”

“Daga inda yake zaune.”

Washegari da kansa ya shiga motar Kano. Abin da ya faɗa wa dilan, bai maimaita wa kowa ba, amma ya dawo da wani fawa, wanda ya sa aka yanke ledarsa a gabansa. Ranar Asabar kuma ya rufe shago, abin da bai saba ba, ya ce zai raka ta Basirka. Ya durƙusa ya gaida Malam Barau, ya ce ya zo ba da haƙuri a kan wata magana da ya yi. Tsohon ya ce bai ji maganar ba, don haka ba abin yafewa, a dai kunna na'ura.

Jummai ta ɗaura sabon fawa, ta danna. Su uku suka kasa kunne. Malam Barau ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Aka ji kurciya a kan katanga, aka ji wata mata tana daka can cikin unguwa.

“Kin kunna kuwa?” ya tambaya.

“Tun ɗazu, Baba.”

“To, kawo kaset.”

Aikin ya ci wata goma sha ɗaya. Kowace Asabar tana Basirka. Ta jona tsohuwar rikoda da kwamfuta ta waya, kaset ya juye, sannan ta matso wa tsohon da makirufo ya faɗi wanda ya yi waƙar, da garinsu, da gonar da aka yi, da abin da ya faru a shekarar. Wanda zarensa ya tsinke ta buɗe ta liƙa. Wasu kaset ɗin sun riga sun mutu, ba yadda za a yi da su. Idan aka ci karo da irinsu wani lokaci tsohon yakan rera abin da ya tuna da tasa muryar, ta ɗauka. Batirin sola kuwa yana kai su har magariba. Muslim ya zo sau ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa yana saurare, mako na gaba kuma ya aiko da sabon batiri.

Labari ya bazu a ƙauyuka cewa muryoyin mutanen da suna zauren Malam Barau. Wata Asabar sai ga wata tsohuwa daga Kwandiko, Inna Fatsuma, an ɗauko ta a babur. Ta ce an gaya mata akwai waƙar daɓen gidan mai unguwarsu, kuma ita ce ta ba da waƙar tana amarya. Jummai ta nemo ta sa mata. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, bakinta na motsi. Daga nan bayanin Malam Barau ya biyo, yana cewa wadda ta ba da waƙar Mero ce, matar maƙeri.

“Kashe!” in ji Inna Fatsuma. “Mero? Mero amshi kawai take yi, ko shi ma a makare. Barau, ashe haka za ka bar wa jikokina?”

Malam Barau ya ce shi dai abin da kunnensa ya gaya masa ke nan. Ta ce to kunnensa ya saurara da kyau. Ta gyara zama a kan tabarma, ta ja waƙar daga farko, murya ta tsufa amma karin bai kauce ba. Kafin ta kai baiti na biyu tsohon ya sunkuyar da kai.

“Ita ce,” ya ce. “Jummai, goge nawa.”

“Ba zan goge ba, Baba. Zan sa nata a gaba, duk mai saurare ya ji yadda aka yi.”

Ta juya makirufo wajen tsohuwar, ta ce, “Inna, faɗi sunanki da na mahaifinki, da shekarar da aka yi daɓen.”

Inna Fatsuma ta faɗa, ta kuma ƙara da sunayen mata bakwai da suka yi amshi, har da wadda ta zo da taɓarya aro. Ta ce akwai wasu waƙoƙin da Barau bai taɓa ɗauka ba, domin a cikin gida ake yinsu, inda namiji ba ya shiga. Jummai ta tambaye ta ko akwai sauran masu iya su. Ta ce su uku suka rage, ɗaya ba ta iya hawa babur.

Asabar ta gaba Jummai ta naɗe kwamfutar a zani, ta ɗaura batiri a bayan babur, ta nufi Kwandiko.